Yadda Ake Haɗa Kan RDA Mai Shan Ruwa Daga Ƙasa, Daga Naɗin Koyil Zuwa Matsa Gora

Duk wanda ya taɓa amfani da kan sigarin lantarki irin wanda ake ɗiga wa ruwan nikotin ta sama, wato RDA, ya san wahalarsa. Ka zuƙa sau shida ko bakwai, auduga ta bushe, ka cire hula, ka lalubo kwalba a aljihu, ka ɗiga, ka mayar. In kana tuƙi ko hannunka ɗaya na riƙe da wani abu, to sai haƙuri. Wannan wahalar ce ta sa aka ƙirƙiro mod, wato akwatin batir da ake ɗora kan a kansa, mai gora a ciki, wanda masu harkar ke kira sikwank. Gorar roba ce mai laushi a cikin akwatin, kusa da batir, yawanci tana cin mililita 7 zuwa 10. In ka matsa ta da yatsa, ruwan ya bi siririn bututu ya hau sama, ya ratsa ta cikin fin ɗin da ke haɗa kan da akwatin, ya ɓullo a ƙarƙashin auduga. In ka saki, gorar ta tsotse rarar ta mayar ciki.

Wannan bayani na manya ne da suka riga suka saba da nikotin, musamman masu neman rabuwa da taba. Ni ma ta nan na shigo. Wanda bai taɓa shan sigari ba, ba shi da abin nema a nan, domin nikotin kamu yake yi, kuma tururin nan ba iskar Allah ba ce da huhu ya saba da ita.

Kayan da za ka tanada

Kan RDA ba shi da tanki. Abin da ke cikinsa kaɗan ne: dandamali mai ginshiƙai biyu inda ake ɗaure ƙafafun koyil (naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mayar da ruwan tururi), 'yar rijiya a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, hula mai ƙofofin iska, sai bakin zuƙa. Ga mai farawa, shawarata ita ce kai mai koyil ɗaya, mai faɗin milimita 22 ko 24. Wasp Nano na kamfanin Oumier da Recurve na Wotofo duk irin wannan ne, kuma suna zuwa da fin mai rami a cikin kwalinsu. Masu koyil biyu irin Dead Rabbit na Hellvape suna da daɗi, amma suna cin batir, suna shan ruwa kamar raƙumi, kuma daidaita koyil biyu su kama wuta tare aiki ne da ya fi kyau ka bari sai hannunka ya faɗa.

Bayan kan, kana bukatar wayar naɗi, auduga mai tsabta wadda ba a wanke da sinadarin farantawa ba (irin ta Japan mai zuwa a falle-falle ita ce aka fi samu), ƙaramin almakashi mai kaifi, filaya mai yanke waya daf da daf, sandar naɗi mai kaurin milimita 3 ko sukundireba mai wannan kauri, da hantsaki mai bakin tangaran. Sai kuma abin da ya fi duka muhimmanci, wato mitar auna om, ko mod mai allo wanda ke nuna juriyar koyil. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, ka ajiye aikin tukuna.

Wayoyi iri-iri ne. Kanthal A1, wadda gamin ƙarfe ce da kuromiyom da alminiyom, ita ce mafi sauƙin sarrafawa, tana riƙe siffarta, kuma juriyarta ba ta wani canjawa in ta yi zafi. Ni80 ta fi ta saurin ɗaukar zafi, amma akwai nikel da yawa a cikinta, don haka mai kyan jiki da nikel ya kauce mata. SS316L tana aiki a tsarin wat da tsarin sarrafa zafi duka, sai dai juriyarta na hawa in ta ɗumama, shi ya sa ake auna ta tana sanyi. Ni200 da taitaniyom kuwa na tsarin sarrafa zafi ne kaɗai, ba a gasa su har su yi ja. Mu a nan Kanthal mai lamba 24 za mu ɗauka, kaurinta kusan rabin milimita. Ka lura, lambar waya tana tafiya ne a juye: 28 ta fi 24 siranta, kuma ta fi ta juriya.

Lissafin da ke tsare fuska

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake jin ciwo. Koyil mummuna ɗanɗano kawai zai ɓata maka. Batir da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa kuwa yana iya fashewa a hannunka, ko kusa da bakinka.

Batir irin 18650 in ya cika yana ba da bolt 4.2. Dokar Om ta ce ka raba bolt da om, abin da ya fita shi ne amfiya da koyil zai ja. Koyil mai om 0.5 zai ja 8.4. Mai om 0.2 zai ja 21. Mai om 0.15 zai ja 28. Kowane batir yana da iyakar amfiya da zai iya bayarwa a kai a kai ba tare da ya yi zafin da ya wuce kima ba. Samsung 25R iyakarsa 20, Samsung 30Q iyakarsa 15 duk da ya fi shi daɗewa, Samsung 30T kuma, wanda girmansa 21700 ne, yana kai 35. Ka ga ke nan koyil mai om 0.2 a kan 30Q a cikin mod marar ƙwaƙwalwa ganganci ne tsagwaronsa. Kuma ba a son ka tsaya daidai bakin iyaka, ka bar rata.

Wancan lissafin na mod marar ƙwaƙwalwa ne, wanda babu komai tsakanin batir da koyil sai maɓalli. Mai ƙwaƙwalwa nasa daban ne: wat ɗin da ka saita ake rabawa da bolt ɗin batir a lokacin da ya kusa ƙarewa, wato wajen 3.2. Wat 60 zai ja kusan amfiya 19, in ka ƙara abin da na'urar kanta ke ci sai ya haura 20. Wato a nan batir ya fi shan wuya lokacin da ya yi ƙasa, ba lokacin da yake cike ba. Mutane da yawa ba su san da wannan ba.

Ra'ayina a fili yake: ka fara da mod mai ƙwaƙwalwa. In wuta ta haɗe zai ƙi kamawa ya rubuta maka a allo. Marar ƙwaƙwalwa ba ya gargaɗi, abin da ka ɗora masa shi zai aiwatar.

Sai batun inda batir ya fito. A kasuwanninmu za ka tarar da 18650 birjik wajen masu tocila da fankar caji, wasu an rubuta musu 6800mAh ko ma 9900mAh. Ƙarya ce. Batir mai wannan girma na gaske bai cika wuce 3500 ba, kuma masu kai hakan ba su da ƙarfin ba da amfiya mai yawa. Wasu kuma daga tsohon batirin laftof aka ɓalle su aka sake musu riga. Za su kunna tocila lafiya lau, amma ba na wannan aiki ba ne. Ka duba rigar batirinka kullum, domin duk jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ɓangaren negatif ne. In ta yage ko da kaɗan, musamman a wuya kusa da zoben saman, ka sake masa riga ko ka ajiye shi. Kada ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko kwabbai, ka sa shi a 'yar robarsa. Kada kuma ka bar shi cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu.

Wanki da sauya fin

Sabon kai yakan zo da ragowar man injin da aka sassaƙa shi da shi. Ka warware shi, ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye sosai, ka bar shi ya bushe.

Yawancin kawuna suna zuwa da toshesshen fin a ɗaure, mai ramin kuma yana cikin 'yar ledar kayan gyara. Ka kwance na farko ta ƙasa ka ɗaura na biyu. Ka yi a hankali, domin a kawuna da dama wannan fin ɗin ne ke riƙe da ginshiƙin fozitif, kuma akwai wata 'yar roba mai tauri da ke raba shi da sauran jikin ƙarfen. In ta goce ko ta tsage, wuta za ta haɗe. Ka ɗaure daidai, ba da ƙarfin tuwo ba, saboda fin mai rami ya fi toshesshe saurin karyewa. Ka ɗaga shi sama ka leƙa, ka tabbata kana hango haske ta cikin ramin. Daga nan ka ɗora kan a mita babu koyil. Bai kamata ta nuna wata juriya ba. In ta nuna, akwai inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe.

Naɗi

Ka yanko waya kamar tsawon tafin hannu. Ka danne gefe ɗaya a jikin sandar da babban yatsa, ka naɗa sau shida, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa amma ba ya hawa kansa. Ka riƙa jan wayar da ƙarfi yayin naɗin. Wanda ya taɓa zama wajen masu naɗin koyil ɗin fanka ya san yadda hannu ke tafiya, sai dai namu zagaye shida ne kacal. In ka gama, ƙafafun biyu su fuskanci gefe guda. Da filaya ka ja kowace ƙafa don naɗin ya zauna.

Kanthal 24 tana da juriyar kusan om 7 a kowace mita. Zagaye shida a kan milimita 3 tare da ƙafafu bai wuce santimita bakwai da ɗoriya ba, don haka abin da za ka gani a mita yana wajen om 0.5. In ka ga 0.48 ko 0.55, ba komai. In ka ga 0.1, akwai matsala, kada ka danna komai.

Ka sassauta notocin ginshiƙai, ka zura ƙafafun, sandar na nan cikin koyil ɗin ba ka zare ba. Ka ɗaure noti ɗaya, ka gyara zama, ka ɗaure ɗayan. Da sandar za ka riƙa ɗaga koyil ko sauke shi har ya zo inda ake so. Ina ne inda ake so? Ka ɗora hula ka leƙa ta ƙofar iska. Iskar ta riƙa bugun koyil a gefensa ko ɗan ƙasa da tsakiyarsa, ta yadda za ta ɗebo tururin ta hau da shi. In koyil ya yi sama da yawa, tururin zai yi zafi ya riƙa tofo maka ruwa a harshe. In ya nutse ƙasa, ɗanɗano ya dushe. Ko ta yaya, kada ya taɓa dandamali, kada ya taɓa hula. Ka yanke rarar ƙafafun daf da ginshiƙi, ka kuma nemo guntayen da suka faɗa rijiya ka fitar. Guntun waya da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa ya haɗe wuta.

Ka auna babu hula, ka sake aunawa da hula. Lambar ta zama ɗaya. In tana tsalle, noti ne bai ɗauru ba.

Gasa koyil

Ka saita wat 15 zuwa 20. Ka riƙa danna maɓalli kaɗan-kaɗan, daƙiƙa ɗaya ko biyu ka saki. Da farko za ka ga wani wuri ya riga sauran yin ja, ko ƙafa ɗaya ta yi haske ita kaɗai. Ka saki maɓalli, ka matse koyil ɗin a hankali da hantsakin tangaran, ka goga bakin hantsakin a bayansa kamar mai kaɗa gurmi. Ka sake dannawa. Abin da kake nema shi ne jan ya faro daga tsakiya ya bazu zuwa gefuna biyu daidai wa daida. Ja mai duhu ya isa, ba sai ya yi fari kamar ƙarfen maƙera ba. In hantsakinka na ƙarfe ne, kada ya kusanci koyil alhali yatsanka na kan maɓalli.

Bayan ya huce ka sake bin notocin, domin zafi kan sa su ɗan saki.

Auduga, inda gwani ke bambanta da ɗan koyo

Koyil ana koyonsa a yini guda. Auduga kuwa sai ka ɓata da yawa kafin hannunka ya gane. Ka yanko falle mai faɗin kamar ninki biyu na ramin koyil, ka bi tsawon zaren wajen yankan, ba a gicciye ba. Ka ɓare siririn ɓawon da ke sama da ƙasa, ka murza gefe ɗaya ya yi tsini, ka zura, ka ja ta ɗaya gefen.

Ga ma'aunin: in kana ja, ka ji tana ɗan turjewa, amma ba har ta ja koyil ɗin ya karkace ba. In ta wuce salin-alin, ta yi kaɗan, za a sami rata tsakaninta da waya, wurin zai yi ta fashe-fashe yana tofi. In sai da ka yi kokawa, ta yi yawa, ruwa ba zai ratsa tsakiya ba, kuma zuƙa ta uku za ka ji ƙaurin ƙonanniyar auduga har ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa jin wannan ƙauri ba ya bukatar a yi masa bayani.

Jelar audugar kuma, a kan sikwank ba a son ta yi tsawo. Mai ɗigawa ta sama yakan cika rijiya da auduga don ta riƙe masa ruwa mai yawa. Kai ba ka da wannan bukata, gorarka ce ma'ajiya. Ka yanke jela daidai inda za ta taɓa ƙasan rijiya ta tsaya. Ka tsefe bakinta da hantsaki ta yi sako-sako, ka sauke ta ciki ba tare da dannawa ba. Abu biyu za ka kiyaye: kada ta toshe ramin da ruwa ke fitowa, kada kuma ta tare ƙarƙashin koyil inda iska ke bi. Na yi sati guda ina zargin gorata da tauri, ashe jelar auduga ce na cusa a kan ramin. In ramin ya toshe, ruwa ba ya hawa da kyau, wanda ya hau kuma ba ya komawa, sai ya nemi hanya ta ƙofar iska ya gangaro maka a yatsu.

Ruwa da matsa gora

Ruwan da ya dace da irin wannan haɗi shi ne mai kashi 70 na VG da kashi 30 na PG (sinadarai biyun da ake haɗa ruwan da su, VG mai kauri, PG mai tsinkewa), nikotin kuma miligiram 3 a kowace mililita, in ya yi yawa 6. Ruwan gishirin nikotin mai 20 ko 50 na ƙananan na'urori ne masu ɗan tururi. In ka zuba shi a nan, jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji za su sanar da kai kuskurenka. Kada kuma ka zuba wani abu mai maiƙo, ko turare, ko ruwan ɗanɗanon da ba don wannan aka yi shi ba. Daga 2019 zuwa farkon 2020 mutane fiye da 2,800 masu zuƙar sigarin lantarki aka kwantar a asibiti a Amurka da ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta danganta yawancin abin da wani mai na bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya jure mai. Kwalbar ruwan kuma a ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa, domin ƙamshin alewa gare ta, nikotin ɗin ciki kuwa guba ne ga ƙaramin yaro.

Wajen cika gora ka bar ɗan sarari a sama, in ba haka ba da ka tura murfi mai bututu ruwan zai malalo. Ka goge jikinta kafin ka mayar, tunda maƙwabcinta batir ne.

Jiƙon farko ta sama ake yinsa. Ka ɗiga ruwa a kan koyil da audugar har ta jiƙe sharkaf, ka ɗan danna maɓalli ka ga tururi ya tashi. Sannan, kafin ka ɗora hula, ka koyi gorarka da ido. Ka riƙe mod a tsaye, ka matsa a hankali, ka ga ruwa ya ɓullo ya rufe ƙasan rijiya ya taɓa jelar auduga. Ka riƙe haka daƙiƙa biyu ko uku, ka saki, ka ga yadda rarar ke komawa. Ka maimaita har yatsanka ya haddace nauyin matsin, domin da zarar hula ta hau ba ka ganin komai. Kuskuren kowane sabon shiga ɗaya ne, matsawa da ƙarfi da sauri. Gora cikakkiya taɓi kaɗan take so, wadda ta kusa ƙarewa kuma sai ka ɗan ƙara nisa. Da zafin bazara ruwan yakan tsinke ya hau da sauri, da sanyin hunturu kuma ya yi kauri, sai ka ƙara masa lokaci.

Ka fara da wat 25, ka riƙa hawa da biyu-biyu. Wannan koyil yakan yi daɗi tsakanin 28 da 35. Ƙofar iska ka fara da ita a buɗe, ka riƙa ragewa har ɗanɗano ya fito. Bayan zuƙa biyar zuwa takwas za ka ji ɗanɗanon ya fara sirancewa, tururin ya ɗan bushe. Lokacin matsawa ke nan, kada ka jira ƙauri.

Bayan kwana biyu

Ruwa mai zaƙi sosai yana barin baƙin dauɗa a kan koyil, wani cikin kwana biyu, marar zaƙi kuma yakan kai sati. In ɗanɗano ya juya, ka zare audugar, ka gasa koyil a ƙaramin wat har dauɗar ta ƙone, ka saki maɓalli, ka cire kan daga mod ka ɗauraye shi, ka bushe, ka sa sabuwa. Koyil ɗin Kanthal yana iya yin wata ɗaya ko biyu a haka. In ka ga ya yi tsatsa-tsatsa ko juriyarsa ta canja, waya ba tsada gare ta ba, ka naɗa wani.

Duk lokacin da ka cire kan, ka goge mazauninsa a jikin mod da tishu. Ɗan danshi ba laifi, amma in kullum kana tarar da tafki, ko dai fin bai ɗauru ba ko zoben robar wurin ya gaji. Gorar silikon kuma tana riƙe ƙamshi, musamman na na'a-na'a da kirfa, wanki ba ya fitar da shi duka, don haka masu canja ɗanɗano sukan ware wa kowanne gorarsa.

In tafiya ta kama ka a jirgin sama, batir a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna ba. Gorar kuma ka juye ta ko ka cire ta ka rufe, domin in jirgi ya yi sama iskar da ke cikinta tana buɗewa ta turo ruwan waje kamar an matsa. Ka kuma bincika dokar inda za ka sauka tun kafin ka ɗaure kaya: Indiya ta haramta sigarin lantarki tun 2019, Tailan da Singafo ma ba a shiga da shi.